Tun da aka ce Umma na da sankarar nono ta daina barci da cin abinci: rashin tawakkali ne ko ciwo?

"Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ce, shekararta 54. Mako biyar ke nan da fitowar sakamakon naman da aka ɗiba a nononta, aka ce sankara ce. Tun daga ranar Umma ta zama wata daban. Ba ta barci, in na farka ƙarfe uku na dare sai in same ta zaune a bakin gado. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Mace ce mai son jikoki, yanzu ko sallamarsu ba ta son amsawa. Ranar da za a fara mata kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta ƙarin ruwa, ta ce ba inda za ta, wai kada a ɓata kuɗi a kan gawa. Yayyenta sai faɗa suke mata cewa ba ta da tawakkali, yayanmu kuma ya ce laifina ne da na bari likita ya gaya mata gaskiya. Wani mai kemis ya ba mu ƙwayar barci. Don Allah duk wanda aka gaya wa irin wannan labari haka yake yi, ko wani ciwo ne daban? Yaya za mu yi?"
Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne. Ke ma sannu da ɗawainiya, don mai jinya rabin majinyaci ne.

In na fahimce ki, abu uku ne suka cuɗe a wasiƙarki: ko halin da Umma ta shiga na kowa ne, ko kuskure aka yi da aka gaya mata, sai kuma abin yi, har da batun ƙwayar mai kemis. Aikina kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda nake gani ba da ƙafarsu suka zo wurina ba, abokan aikina na ɓangaren ciwon daji ne ke kirana in leƙa su a kan gado. Ban ga Umma ba, ban ji muryarta ba, don haka ba zan laƙaba mata sunan ciwo daga nesa ba. Amma abu uku cikin abin da kika lissafa sun tsaya mini a rai: janyewa daga jikoki, kiran kanta gawa, da ƙin zuwa kemo, kuma duk bayan mako biyar. Waɗannan sun zarce girgizar da muke sa ran gani. Da a gabana kike, da na ce a kawo ta cikin makon nan.

Girgizar farko

Ranar da aka furta kalmar, yawancin mutane ba sa jin abin da ya biyo bayanta. Likita na ta bayani, su kuwa kunne ya toshe. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah lokacin da ake gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ninke takardar sakamakon gida huɗu, ta ƙulle a bakin zani kamar kuɗin cefane, sannan ta juya ta tambayi 'yarta ko an sauke wake daga wuta. 'Yar ta ɗauka ba ta gane ba. Ta gane sarai. Zuciya ce ke kurɓar labarin kaɗan-kaɗan, kamar mai shan kunu da zafi.

Bayan 'yan kwanaki sai abin ya taso gaba ɗaya. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, kuka ya zo ba sallama, mutum ya yi sallah bai san raka'a nawa ya yi ba. Wannan ba ciwo ba ne, haka ɗan Adam yake. Ga yawancin mutane, cikin mako ɗaya zuwa biyu ko uku ƙurar takan fara lafawa, musamman da zarar an ce ga abin da za a yi, ga ranar da za a fara. Baƙin cikin bai tafi ba, amma yana zuwa yana komawa, kuma a tsakani mutum na iya dariya in jika ya yi abin dariya.

Kada a raina nauyin waɗannan kwanaki. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin a kan mutum sama da miliyan 6, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa a makon farko da jin labarin, haɗarin mutum ya kashe kansa ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma fiye da sau 5. Waɗanda hakan ke faruwa da su 'yan ƙalilan ne, amma alƙaluman sun nuna cewa labarin shi kaɗai, kafin a taɓa jiki da allura ko wuƙa, bugu ne.

A wurinmu kuma bugun ya fi ƙarfi, saboda abin da ido ya saba gani. Ana ƙiyasta cewa a Najeriya mutum sama da 120,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa, kuma mafi yawa sai abu ya yi nisa suke isa asibiti. Saboda haka in an ce wa Umma "sankara", ba bayanin likita take gani ba. Maƙwabciyarta take gani, wadda aka yi ta shafa wa magani har nonon ya fashe, ɗaki ya ɗau wari, mutane suka rage shiga. Waɗanda suka zo da wuri suka warke ba sa yawo suna shela, don haka ba ta san su ba. A kan wannan sai a ɗora lissafin kuɗi, wanda uwa ke yi cikin dare ba tare da ta gaya wa kowa ba: filin wane za a sayar, karatun wane zai tsaya. Sai tsoron a cire nono, da abin da miji zai gani, da abin da kishiya za ta ji. Na sha tambayar mata abin da ya fi tsorata su, kuma ba kasafai mutuwa ke zuwa farko ba.

Inda ta zama ciwo

Akwai addu'ar da kusan kowa ya haddace, wadda ake neman tsari daga hammu da hazanu. Malamai kan ce na farko damuwa ce kan abin da ke tafe, na biyu baƙin ciki kan abin da ya riga ya auku. Kusan haka mu ma muke rarrabewa a asibiti.

Ta farko ita ce fargaba. Mai ita ba ya cewa "ina da fargaba". Cewa yake gabana na faɗuwa ba dalili, wani abu ya tokare mini ƙirji, kaina na ɗaukar zafi, jikina na yam-yam kamar kiyashi na bi na. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana tambaya ɗaya sau goma, a ba shi amsa, ya huta minti biyar, ya sake. Wani da ya hango ƙofar asibiti sai amai ya taso masa, wani numfashi ya sarƙe masa har a ɗauka ciwon zuciya ne.

Ta biyu ita ce wadda ake kira ciwon damuwa, kuma ita nake zargi a wurin Umma. Ma'auninta shi ne a yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan wuni zubur, mutum na cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa. Wahalar gane ta a wurin mai ciwon daji ita ce, rama da kasala da rashin cin abinci duk cutar kanta na kawo su, kemo ma na kawo su. Don haka ba a kansu nake dogara ba. Abin da nake saurara shi ne yadda mutum ke maganar kansa. Mai baƙin ciki kawai zai ce "wannan abu ya yi mini nauyi". Mai ciwon damuwa cewa yake "ni ce nauyin", na zame muku kaya, ba ni da amfani, alhakin wani ne ke bi na, gara in tafi ku huta. "Kada a ɓata kuɗi a kan gawa" daga wannan kwandon ta fito. Sannan ina da gwajin da ba ya cikin littafi: in aka miƙo wa tsohuwa jikan da ta fi so, fuskarta na motsi? Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai baƙin ciki za ta karɓe shi ko da hawaye. In ta kau da kai, kuma haka take yi mako da makonni, to ba jimami ba ne kaɗai. Farkawa ƙarfe uku a kasa komawa, shi ma alama ce da muka sani.

Ba abu ne baƙo ba. Wani babban nazari da ya tattara bincike 94, aka wallafa a 2011, ya samu cewa cikin masu ciwon daji da ke karɓar magani, kusan mutum 16 cikin 100 na da ciwon damuwa, kusan 10 cikin 100 na da ciwon fargaba, in aka haɗa da masu matsakaicin hali kuma adadin ya haura kashi ɗaya cikin uku. Akasarin waɗannan bincike a Turai da Amurka aka yi su, inda mara lafiya ba ya sayar da gona don ya sayi allura, saboda haka ba na tsammanin namu ya gaza haka. Ki kuma lura da ɗaya gefen alƙaluman: mafi yawa ba sa kamuwa. Shi ya sa ba na yarda da maganar da nake ji har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, wai "ai dole ta damu, kansa fa gare ta". Baƙin ciki dole ne. Ciwon damuwa ba dole ba ne, kuma yana da magani.

Wasu sun fi wasu kusa da shi: wanda ya taɓa yin irinsa a baya, misali bayan haihuwa ko bayan rasuwar miji, wanda ciwo ke cin sa ba a kashe masa ba, wanda ba shi da mai jin kukansa, da wanda ya taɓa jinyar wani nasa da wannan cuta har ya rasu a hannunsa. Ki tuna ko Umma na cikin ɗayansu, ki gaya wa likita.

A fara duba jiki

Kafin in ce zuciya ce, sai na tabbata ba jiki ne ke magana ba, don an sha kirana kan "damuwa" in tarar da wani abu daban. Na farko shi ne zogi. Iyayenmu mata sun iya ɓoye ciwo, suna ganin faɗinsa raki ne. Wadda ƙashin bayanta ke sara duk dare ba za ta yi barci ba, ba za ta yi hira ba, kuma ba ƙwayar damuwa take buƙata ba. Sai ƙarancin jini, wanda ke kawo kasala da bugun zuciya. Sai hauhawar sinadarin kalsiyam a jini, wanda kan faru in sankarar nono ta taɓa ƙashi: ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, kasala, ruɗewa. Gwajin jini ɗaya ke nuna shi. In kuma akwai ciwon kai mai tsanani da amai da safe, ko raunin gefe ɗaya, ko sauyin hali kwatsam, akan yi hoton kai.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe: mai ciwon damuwa ya san inda yake, ya san ranar da ake ciki, ya san mutanensa. In Umma ta fara sambatu, ko tana ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko da rana garau da dare a rikice, wannan ruɗewa ce daga jiki, kuma ta gaggawa ce, a tafi asibiti a ranar.

In an fara kemo kuma akwai wani abin lura. Akan haɗa da dexamethasone don hana amai, shi kuwa yana hana barci, yana sa wasu zafin rai ko rawar kai, in an daina kuma jiki ya yi sanyi kwana biyu. Maganin amai metoclopramide kan sa wasu su kasa zama wuri ɗaya, ƙafa ta yi ta neman tafiya, a ɗauka fargaba ce. Sannan duk wani jiƙo ko gari ko tsimi da 'yan dubiya suka kawo, a faɗa wa likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar tawakkali

Yayyen Umma ba mugunta suke ba. Tsoro ne ya kama su, kuma faɗa shi ne abin da ya rage a hannunsu. Amma ki duba abin da maganarsu ke yi. Mace tana ganin ta zame wa 'ya'yanta kaya, sai a ƙara mata da cewa ta kuma gaza a wurin Ubangijinta. An ɗora mata laifi a kan ciwo. Daga nan sai ta yi shiru, don duk abin da ta faɗa hujja ce a kanta.

Ni ba malami ba ne, amma abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani ya isa. Annabi Yaƙub, alaihis salam, shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Na ga mahaddata Alƙur'ani da wannan ciwo, na ga limamai. Wani dattijo ya taɓa gaya mini, yana kuka, cewa abin da ya fi cutar ƙona masa rai shi ne ya daina jin daɗin karatun da ya shekara arba'in yana yi da asuba, yana ganin Allah ne Ya juya masa baya. Ciwon ne ya ɗauke masa ɗanɗanon komai, har da na ibada. Bayan mako shida da fara magani, ɗansa ya ce mini ya ji muryarsa daga soro.

Addu'a da sadaka da karatu duk a ci gaba, suna riƙe mutane fiye da yadda wasu likitoci ke zato. Inda nake ja da baya shi ne in aka ce a dakata da asibiti tukuna, ko aka kawo tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wata uku da za a yi ana gwaji a gida na iya mayar da abin da ke ciruwa ya zama wanda ba ya ciruwa. In akwai malamin da Umma ke jin maganarsa, a same shi gefe a yi masa bayani, ya zo ya ce mata neman magani ma tawakkali ne. Kalma ɗaya daga bakinsa ta fi goma daga nawa.

Laifinki ne da aka gaya mata?

A'a. Kuma ki gaya wa yayanku ni na ce. Na fahimci abin da yake nufi, domin al'adarmu ce a tare wa babba mummunan labari, kuma cikin ƙauna ake yi. Amma ki yi tunanin yadda ɓoyon zai kasance. Za a kai ta ɗakin da kowa ke zaune da ƙarin ruwa a hannu, gashin kanta ya zube, wataƙila a cire nono, duk ana ce mata ƙurji ne? Marasa lafiya ba yara ba ne. Suna karanta fuskar mai shigowa, suna jin yadda hira ke mutuwa in sun buɗe ido. Wata tsohuwa da 'ya'yanta suka roƙe ni kada in faɗa, da suka fita sai ta kamo hannuna ta ce, "Likita, na san abin da ke jikina, amma kada ka gaya wa yaran, ba za su iya ɗauka ba." Gida ɗaya, kowa na gadin kowa, kowa na kuka shi kaɗai.

Abin da ke cutarwa ba sanin ba ne, yadda ake faɗa ne da abin da aka bari ba a faɗa ba. A asibitocinmu likita ɗaya na da layin mutum hamsin, sai a jefa kalmar a tsaye, a ce a je a biya kuɗi. Mai yiwuwa Umma ta ji "sankara" amma ba ta ji matakin da take ba, ba ta ji ko ana fatan warkewa ne ko riƙewa. Ku nemi a sake zama, a tambaye ta me ta fahimta da kuma iya abin da take son sani, a bar ta ta yi tambaya da bakinta. Sankarar nono da aka kama da wuri na cikin waɗanda ake warkewa. Ban san matakin tata ba, likitanta ya sani, kuma ko wane ne, gaskiyar ba kasafai take kai munin abin da zuciya ke sassaƙawa ƙarfe uku na dare ba.

Magani

Hanya mafi sauƙi ita ce ta hannun likitan da ke duba sankarar. Kada ki ce masa "tana damuwa" kawai, zai ce Allah Ya sauwaƙe ya wuce. Ki ce: mako biyar ba ta barci, ta daina kula jikoki, ta kira kanta gawa, ta ƙi kemo, muna so likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da wannan sashe, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Za ta iya cewa "ni ba mahaukaciya ba ce". Ki ce mata likitan barci da damuwa ne, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Rabin aikina magana ce, amma ba nasiha ba. Nakan nemi mutum ya fasa mini tsoron gida-gida, don dunƙulallen tsoro ba ya ɗaukuwa. In amai ne, akwai maganinsa. In zubewar gashi ne, yana dawowa bayan an gama. In kuɗi ne, a zauna da ita a yi lissafin a fili maimakon a riƙa ce mata "kar ki damu", a kuma tambayi ofishin da ke taimaka wa marasa galihu a asibitin game da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu ciwon daji, wanda sankarar nono na cikin abin da ya ƙunsa. Sannan a nemo mata mace ɗaya da ta bi wannan hanya ta fito. Nas-nas ɗin ɗakin kemo sun san su. Minti ashirin da irin wannan mata, ta ɗaga mayafi ta nuna mata tabon, ta ce shekarata huɗu, yakan yi abin da ni ba zan iya ba.

A gida kuma, kada ku ƙwace mata komai da sunan tausayi. Mun iya wannan: a kwantar da mutum, a hana shi ko ɗaukar buta, a cika ɗaki da 'yan dubiya masu labarin wance da ta rasu da irinsa. A tace masu shiga. A mayar mata da ƙananan ayyukanta ko ba ta so, ta tsince shinkafa, ta ɗanɗana miya ta ce gishiri bai ji ba, ta fito tsakar gida ta sha hantsi. A wannan ciwo sha'awa ba ta riga aiki zuwa, sai an fara take biyowa.

In abin ya kai ga ƙwaya, akwai masu aiki, kuma ba sa sa maye ko kama jiki. Zan rubuta sunayen yadda suke a kwali. Sertraline da escitalopram ana yawan farawa da su. Mirtazapine na da amfani ga irin Umma, don yana kawo barci yana sa cin abinci. Amitriptyline ya fi araha kuma yana taimaka wa zogin jijiya, sai dai yana busar da baki, yana ɗaure ciki, kuma yana da haɗari ƙwarai in an sha da yawa, don haka ba na barin sa a hannun wanda ya fara maganar mutuwa. Dukkansu sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga aikinsu, kuma in an samu sauƙi akan ci gaba aƙalla wata shida. Mutanenmu kan sha kwana biyar su ce bai karɓe su ba.

Dalilin da ya sa ba a saye a kemis: da yawa daga masu sankarar nono akan ɗora su a kan tamoxifen shekaru, shi kuwa sai hanta ta sarrafa shi yake aiki sosai, kuma magungunan damuwa irin su paroxetine da fluoxetine na tare wannan hanya. Haka nan haɗa tramol da irin waɗannan magunguna na iya jawo rawar jiki, zufa, ruɗewa, har farfaɗiya. Ƙwayar da aka ba ku, ina kyautata zaton diazepam ce ko 'yar'uwarta. Tana da wurinta, na 'yan kwanaki, misali daren da za a shiga tiyata. Amma ba ta warkar da ciwon damuwa, jiki na sabawa da ita, tana sa manya jiri su faɗi, in ta haɗu da maganin zogi mai ƙarfi kuma tana danne numfashi. In ba ta fara ba, kada ta fara. In ta kwana biyu tana sha kullum, kada a yanke rana ɗaya, a kai wa likita kwalin.

Gaskiya ita ce binciken da aka yi kan ƙwaya ita kaɗai a wurin masu ciwon daji bai kai ƙarfin da muke so ba. Abin da ya nuna ƙarfi shi ne haɗin gwiwa. A Sikotilan an gwada a kan mutum 500, aka wallafa a 2014: waɗanda nas da aka horar ta riƙa zama da su a kai a kai, likitan ƙwaƙwalwa na duba aikin, ana gyara magani, 62 cikin 100 sun samu sauƙi sosai, waɗanda aka bari a kan tsarin da aka saba kuwa 17 kacal. A can ma, masu binciken sun tarar kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon damuwar ba sa samun wani maganinsa. Mu da likitocin ƙwaƙwalwarmu 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, bibiyar nan sau da yawa 'ya ce ke yin ta, da littafi da biro: ranar da aka fara magani, awa nawa ta yi barci, me ta ci.

Ba zan ce miki damuwa na sa ƙari girma ba, kuma kada kowa ya ce wa Umma tunaninta ne ke ƙara mata ciwo. Hanyar da damuwa ke cutarwa a bayyane take: wadda ta fid da rai ba ta zuwa kemo. Ƙin da ta yi haƙƙinta ne a saurara, ba a ɗaure babba a kai shi. Amma sai an ɗage mata wannan duhun za a san ko ita ce ke magana ko ciwon.

Tambayar da kowa ke tsoro

Saura abu ɗaya, kuma ke za ki yi shi, yau. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Na san nauyinsa a bakin 'ya, na san za a ce Musulma ba ta haka. Tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji an buɗe masa ƙofa. Akwai bambanci tsakanin "da Allah Zai ɗauke ni in huta", wanda da yawa ke faɗa, da wanda ya fara tunanin hanya. In ta nuna na biyun, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Ko me ta amsa, ki kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera daga inda hannu ke kai, magunguna kuma su koma wurinki, ki riƙa ba ta na kowane lokaci.

Lokacin tambayar kuma kin riga kin san shi. In kin farka ƙarfe uku kin same ta a bakin gado, kada ki kunna fitila, kada ki ce ta kwanta, kada ki ce ta yi haƙuri, ta ji wannan sau ɗari. Ki zauna gefenta, kafaɗa da kafaɗa, ki ce, "Umma, me kike gani in kin rufe ido?" Sai ki yi shiru, ko shirun ya yi tsawo. Abin da ta faɗa, ki rubuta shi da safe yadda ta faɗe shi, ki tafi da shi wurin likita.